Murfin Gwangwani a Idon Baba Saje

Tun kafin ranar nan ta zo, ranar da har gobe ba ta fita daga raina ba, akwai abin da yake damuna wanda na rasa mai saurarona a kansa. Ba tsoron a harbe ni nake ji ba. Tsorona kada wata rana hannuna ya zama sanadin ran wani. Nakan zauna ina ba 'yata Nana nono, sai kawai in ga kamar an saka ni a bayan motar 'yan sanda, ita kuma tana hannun mutane tana miƙo mini hannu tana kuka. Duk wanda na faɗa wa sai ya yi dariya. Cewa ake yi, ke da aikinki laluben mata a bakin kasuwa, ina ke ina kisa? Bindigar da ake koya muku ma ko albarushi babu a cikinta.

Ni ce Hansatu, ta ƙungiyar 'yan sintirin garinmu da yake ƙasar Ɗanbatta. Ku sababbin da aka ɗauka bana kun tarar da wasu dokoki a ofis, kuna ta ƙorafin sun yi yawa. Shi ya sa na ga gara in ba ku labarin inda suka samo asali.

Ga waɗanda ba su san tsarinmu ba, mu ba 'yan sanda ba ne, ba kuma sojoji ba. Mutanen gari ne suka haɗa mu da sanin dagaci da 'yan sanda, bayan satar shanu da tumaki ta yi yawa. Akwai Kwamanda, shi ne Malam Sule. Akwai mai horarwa. Sai maza masu zagaye, sai mu mata biyu, ni da Saratu. Aikinmu ranar kasuwa da ranar biki mu duba mata da kayansu, tunda namiji ba zai taɓa matar wani ba. Sauran ranaku kuma mu muke zama a ofis da rana idan maza sun tafi gona.

Na shiga aikin ne bayan an kore shanun noman maigidana. Da aka rasa shanun sai ya koma ƙwadago a gonakin rani na Watari, sai ya yi kwanaki bai zo gida ba. Ɗan abin da ake ba mu da ɗan hatsin da 'yan kasuwa suke haɗa mana, da su nake riƙe gida. Saboda haka ina tsoron bindiga, amma ina tsoron rasa aikin nan.

Mai horar da mu shi ne Saje Garba, tsohon soja ne da ya yi ritaya ya dawo gida noma. Baba Saje muke ce masa. Mutum ne mai faɗa amma ba ya riƙo. Shi ya kafe a kan cewa duk wanda ya saka rigar ƙungiya sai ya iya riƙe bindiga, mace ko namiji.

Na ce masa, "Baba Saje, ni ai lalube kawai nake yi."

Ya ce, "Wa yake zama da bindigogi a ofis da rana?"

Na ce, "Mu ne."

Ya ce, "To, mai gadin abin da bai san kansa ba, shi ne abin zai fara ci. Shiga layi."

Matsalar ita ce babu abin harbawa. Bindigogin namu irin na maharba ne, bindigar toka, wadda ake ɗura wa albarushi da harsashi ta baki, a tura da sandar ƙarfe a danne. Albarushi ya yi tsada, masu sayarwa ma sun ja baya saboda hukuma ta sa ido. Ɗan wanda muke da shi na masu zagaye ne, yana kulle a ofis tare da bindigoginsu, makullin yana wajen Kwamanda. Ba wanda zai yarda a ƙona shi a kan koyo. Akwai samarin da suka daɗe suna zagaye ba su taɓa jin ƙarar bindigar da suke saɓe da ita ba.

Sai Baba Saje ya kawo dabarar da ya ce da ita aka fara koya musu a bariki. Abu biyu ne. Na farko, a kifa ɓarin ɓawon gyaɗa a kan bakin bindiga. Ka ɗaga, ka auna, ka ja kunama. Idan ɓawon ya faɗi, hannunka ya motsa ke nan, da harbin gaske ne ka kuskure. Na biyu, ya samo murfin gwangwanin madara ya huda tsakiyarsa da ƙusa. Sai ya zauna a benci, can gaba da mu kaɗan, ya kara murfin a idonsa yana leƙo mu ta hudar.

Yakan ce, "Ku auna idona. Ta nan nake ganin bakin bindigar, ko ya tsaya ko yana rawa. Ba mai iya yi mini ƙarya."

Ranar farko da na ga haka ban iya yin shiru ba. Na ce, "Baba Saje, mutum fa ake nuna wa bindiga."

Ya ce, "Bindigar da babu komai a cikinta sanda ce, Maman Nana. Kin taɓa jin sanda ta tashi da kanta?"

Kuma ba wai sakaci yake yi ba, kada ku ɗauka haka. Kullum kafin a fara sai ya duba. Bindigar toka ba a buɗe ta ta baya a leƙa kamar ta soja. Sandar ɗuri ake zurawa ta baki. Idan sandar ta shige duka, babu komai. Idan akwai ɗuri a ciki, za ta tokare, kanta ya tsaya a waje. Haka yake yi a gabanmu, ya ɗaga ya nuna wa kowa, sannan ya ce a fara.

Da farko bindigar koyo ɗaya gare mu, wata gajera da mai unguwa ya ba mu aro. Sauran mutane ƙotar fartanya suke riƙewa kafin layi ya zo kansu. Ana nan, bayan an gama cirar gyaɗa, sai Inna Kande ta zo ofis da wani dogon abu a nannaɗe cikin tsohon bargo. Ita matar marigayi Baba Na-Allah ce, maharbin da ya rasu shekarun baya. Ta ce bindigarsa ce, tun da ya rasu tana rataye a ɗakinsa, ba shi da ɗa namiji a gari, gara ta yi wa mutane amfani.

Bindiga ce doguwa, mai nauyi, an yi mata ado da jar fata da wuri a gindi. Samari suka yi ta shafa ta. Sai dai ba ta zo da sandarta ba. Baba Saje ya zaro sandar gajerar ya zura mata. Ta shige duka har sai da ya riƙe ƙarshenta da yatsa biyu. Ya ɗaga ya nuna mana. Babu komai.

Ni mutum ce mai kallon ƙananan abubuwa, wataƙila saboda yawan fargaba. Na lura idan ya zura sandar a gajera, takan daki ƙasa ta ce ƙwal, ƙarfe ya gamu da ƙarfe. A doguwar kuwa shiru. Na daure na tambaya.

"Baba Saje, me ya sa wannan ba ta yin ƙara?"

Ya ce, "Ai doguwa ce, sandar ba ta kai ƙasanta ba."

Duk muna tsaye muka ji wannan amsa. Ni ma na gyaɗa kai. Amsar gaskiya ce, kuma ba wanda ya ɗora tunani a kanta, har shi da ya faɗa.

Ɗanliti ne ya karɓe zancen. Shi ɗan kawuna ne, taubashina, ba ya ganina ya ƙyale. Ya ce, "Yaya Hansatu so take sai bindiga ta gaishe ta kafin ta riƙe. Doguwa, ki ce mata ina kwana!"

Aka kwashe da dariya. Na ce, "Kai dai da bakinka ake harbi da tuni ɓarayi sun ƙare a ƙasar nan."

Amma gaskiya Ɗanliti ya iya. Duk cikinmu ba mai hannunsa. Zai kifa ɓawon gyaɗa a kan doguwar nan, ya ja kunama, ta ce ƙas, ɓawon ko gezau. Baba Saje yakan sauke murfin ya ce, "Wannan yaro da gaske ne da yanzu ba ni da ido." Ni kuwa tun kafin in ja, ɓawona yana ƙasa. Har suna suka saka mini, wai Mai Tankaɗe, don hannuna rawa yake yi kamar ina tankaɗen gari. Kaji ma sun gane ni. Da na ɗauki bindiga sai su matso, sun san wani abu zai faɗo.

Haka muka yi makonni. Filin koyon a bayan ofis yake, akwai tsohuwar katangar ƙasa da take ba da inuwa da safe. A gindinta Baba Saje yake ajiye bencinsa. A gindinta kuma, ɗan gefe da shi kaɗan, nake shimfiɗa wa Nana tabarma in kwantar da ita in lulluɓe ta da zanin goyo, don nan ne kawai rana ba ta kaiwa. Ba ni da mai riƙe mini ita a gida. Surukata ta tsufa, idonta ba ya gani sosai.

Sai Kwamanda ya ce za a yi gwaji. Dagaci ya ce mutane sun yi yawa a kan ɗan abin da ake samu, za a rage. Wanda ɓawonsa ya faɗi ranar gwaji zai ajiye riga. Na je na same shi na ce, "Ranka ya daɗe, ni fa ba harbi aka ɗauke ni ba." Ya ce doka ɗaya ce ga kowa, idan ya ɗaga mini sai ya ɗaga wa wasu. Na koma gida na dinga koyo da muciya, ina kifa mata ɓawon gyaɗa ina auna ƙofar rumbu. Surukata ta ce ko aljanu ne suka taɓa ni.

Ana gobe gwaji wani maharbi daga wajen Zakirai ya zo wucewa, ya ba Baba Saje kyautar hular bindiga 'yan kaɗan. Hula wani ɗan ƙaramin ƙarfe ne da ake kifawa a gindin bindiga. Idan aka ja kunama, ita ake sara, ta ba da wuta, wutar ta shiga ciki ta kama albarushi. In babu hula bindiga ba ta tashi. In kuma akwai hula amma babu albarushi, 'yar ƙara kawai za ka ji, ɗas, kamar an fasa leda. Duk koyon da muka yi a baya babu hula muka yi shi.

Baba Saje ya ji daɗi ƙwarai. Ya ce, "Yawwa. Riƙe bindiga a shiru kowa ya iya. Gobe zan ga wanda ƙara ba ta firgita shi."

Ranar gwajin ranar kasuwarmu ce. Da hantsi muka taru. Na kwantar da Nana a wurinta. Baba Saje ya zura sanda a gajera, ƙwal. Ya zura a doguwa, ta shige. Ya nuna wa kowa kamar kullum. Sannan ya sa hula a gajerar, ya ɗaga sama ya ja don mu ji irin ƙarar. Ɗas! Nana ta farka a firgice ta tsala kuka.

Ɗanliti ya riga ya rungume doguwar. Ya ce, "Baba Saje, ni zan buɗe fage."

Baba Saje ya ce, "Mata za su fara, kasuwa ta kusa cika, ana jiransu a ƙofa. Saratu, zo."

Saratu ta ɗauki gajera. Ita 'yar gidan maharba ce ta wajen kakanninta, mutanen unguwar da take bayan coci, ba ta da tsoro irin nawa. Ta auna murfin, ta ja, ɗas, ɓawonta yana nan daram. Aka tafa mata. Ta zo ta karɓi Nana daga hannuna ta ce, "Kawo ta, Maman Nana, in zagaya da ita gaban ofis, kukanta zai ƙara rikita ki. Ki yi bismillarki ki ja kawai." Ta tafi da ita. Zanin goyon ya zauna a kan tabarma a dunƙule.

Na miƙa hannu zan ɗauki gajera, Baba Saje ya ce, "A'a. Wadda ta fi ba ki wuya ita za ki riƙe. Ɗanliti, ba ta."

Ɗanliti ya miƙo mini yana murmushi. "Ga ta nan, Mai Tankaɗe. A tankaɗa mana mai laushi."

Baba Saje da hannunsa ya sa mata hula, ya kifa ɓawon, ya koma bencinsa ya zauna, ya kara murfin a idonsa na hagu. Na ɗaga. Nauyinta kamar taɓarya biyu. Ina hango hudar nan 'yar mitsitsiya, ina kuma hango ƙwayar idonsa tana ƙyalli a ciki. A raina ina cewa, ya Allah ka tsayar mini da hannun nan sau ɗaya tak, saboda yarinyar nan. Wallahi abin da na roƙa ke nan.

Ya ce, "Riƙe numfashi. Ja."

Na ja. Ɗas! Na runtse ido, kafaɗata ta zabura, bakin bindigar ya fizge gefe. Na ji ɓawon ya faɗi. Na ji an fara dariya, na ji muryar Ɗanliti yana cewa, "Ai na faɗa..." A cikin wannan ɗan tsakanin na ji wani abu kusa da kunnena yana cewa tsss, kamar an ɗiga ruwa a kasko mai zafi.

Sai duniya ta tsage.

Ban san na faɗi ba, sai ganina na yi a zaune a ƙasa, bindigar tana gefe, kafaɗata kamar jaki ya harbe ni. Farin hayaƙi ya rufe ko'ina, yana wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai. Kunnuwana suka toshe, sai wani dogon kuka siriri a ciki. Ina ganin bakunan mutane suna motsi, ba na jin komai. Kaji suna ta tashi sama.

Da hayaƙin ya fara yayewa na hango Baba Saje. Yana zaune yadda yake, murfin yana hannunsa, bai sauke ba. Hular kansa babu. Jini yana zuba ta gefen wuyansa yana jiƙa kakinsa. Na ce shi ke nan, abin da nake gani a raina ya zo, na kashe mutum.

Sannan idona ya sauka a kan katanga. Ta farfashe a daidai saman tabarmar Nana, ramuka ramuka, ƙasa tana ta zubowa. Zanin goyon yana nan a dunƙule, jar ƙasa ta lulluɓe shi, ba ya motsi. Wallahi na manta ɗungurungum cewa Saratu ta ɗauke ta. Da rarrafe na je. Ban iya kuka ba, ban iya salati ba. Na sa hannu na ɗaga zanin, na ga tabarma. Na sake juya shi, na kakkaɓe, kamar yarinya za ta faɗo daga ciki. Sai da Saratu ta zagayo da gudu ta durƙusa ta manna mini Nana a ƙirji, na ga bakinta a buɗe tana ihu, sannan na gane. Kukanta shi ne abu na farko da kunnena ya fara ji.

Baba Saje ya ɗaga hannu a hankali ya taɓa kunnensa. Saman kunnen babu. Ya kalli jinin a yatsunsa, ya kalli murfin, ya kalli bindigar. Tsohon sojan nan da bai taɓa rasa abin faɗa ba, abin da ya iya cewa kawai, "Na duba ta. Kun ga na duba ta."

Ɗanliti yana tsaye a inda yake, hannunsa a miƙe kamar har yanzu yana miƙo mini bindigar. Can sai ya zauna daɓas ya fara amai. Yana yi yana cewa, "Ni na ce zan fara. Ni na ce zan fara." Kowa ya san abin da yake nufi. Shi ɓawonsa ba ya faɗuwa.

Aka ɗaure wa Baba Saje kai da rawanin Kwamanda, aka ɗora shi a babur zuwa asibiti a Ɗanbatta. Kasuwa ta watse ta dawo bayan ofis. Wasu suna cewa ɓarayi ne suka shigo, wasu suna cewa mace ta harbe soja. Bayan azahar 'yan sanda biyu suka zo. Da na ga motar na ƙanƙame Nana har sai da ta yi ƙara. Na ce wa Saratu, "Idan sun tafi da ni, ki kai ta wajen innata, kada ki bar ta a hannun tsohuwa, ba ta gani." Saratu ta ce, "Rufe bakinki, ba inda za ki. Idan za su tafi da ke sai su haɗa da ni."

Kwamanda ya aika aka kira Sarkin Baka, shugaban maharban yankinmu, aka kuma kira Inna Kande. Sarkin Baka ya juya bindigar, ya sansana bakinta, ya tono wani abu daga katanga da wuƙa. Guntayen ƙusa ne da ƙwallayen ƙarfe na keke. Tambaya ɗaya ya yi.

"Ina sandarta?"

Aka miƙa masa sandar gajera. Ya kalle ta ya kalle mu. "Na ce sandarta. Kowace bindiga da tata ake ƙera ta."

Inna Kande ta ce, "Wani dogon ƙarfe siriri? Ai yana gida. Shi na rataye labulen ƙofata da shi."

Aka je aka zaro shi daga labule aka kawo. Sarkin Baka ya jera su biyu a ƙasa. Na doguwar ya fi ɗayan da kusan taƙi guda. Ya zura shi a bindigar, ya daki ƙasa, ƙwal. Ya ce, "Yanzu ne babu komai. Ɗurin Na-Allah bai wuce yatsa huɗu ba. Sandarku a sama da shi take tsayawa, ko shekara za ku yi kuna zurawa ba za ta taɓa shi ba." Ya ce albarushin ya tsufa ne shi ya sa ya yi jinkirin kamawa, da sabo ne da tare da hular zai tashi.

Inna Kande ta zauna a ƙasa ta ɗora hannu a ka. Ta ce a makon da mijin nata zai kwanta ciwo, karnuka suna cinye masa awaki, ya ce zai yi maganinsu. Da zazzaɓi ya kayar da shi ya ce mata kada a taɓa masa bindiga sai ya tashi. Bai tashi ba. Ta ce, "Ni na ɗauka kishin kayansa yake yi. Ashe magana ya bar mini ban gane ba."

Nan fa kowa ya fara tuno nasa. Duk safiyar da muka auna idon bawan Allahn nan da ita muka ja kunama. Samarin da suke nuna wa juna ita da wasa, suna cewa hannu sama. Ni kaina akwai ranar da Nana ta kama bakin bindigar tana son sa wa a baki, na janye ta don kada ta sha tsatsa. Tsatsa nake gudu. Abin da ya raba mu da gawa duk makonnin nan, rashin hula ne kawai, wato talaucinmu. Ranar da muka samu kyauta, ranar ta tashi.

'Yan sandan suka rubuta bayanin kowa, suka ce sai sun ji daga bakin wanda aka harba. Suka tafi da ni asibitin, Kwamanda da Saratu suka raka ni. Mun tarar an ɗinke masa kunnen an naɗe kansa da bandeji. Tun kafin su tambaya ya ce, "Ofisa, rubuta. Ni na duba bindiga, ni na sa hula, ni na zauna a gabanta, ni na ce ta ja. Yarinyar nan ta tambaye ni tun ranar farko me ya sa ba ta ƙara, na ba ta amsa ban saurari amsar da kaina ba. In akwai wanda za a kulle, ga ni a kwance." Suka karɓe doguwar suka tafi da ita, ni suka ce in koma gida.

Na durƙusa a gefen gadon ina kuka ina ba shi haƙuri. Sannan ya juyo da kansa da ƙyar.

"Maman Nana."

"Na'am, Baba Saje."

"Ɓawonki ya faɗi?"

"Ya faɗi, Baba."

Ya ce, "Alhamdu lillahi."

Ba a sake maganar rage mutane ta hanyar gwajin nan ba. Ɗanliti ya daɗe bai zo ofis ba, da ya dawo kuma bai ƙara kirana Mai Tankaɗe ba, har na fara kewar tsokanar. Nana na yi kwanaki ina kaɗa mata cokali a kofi ta bayan kunne don in tabbata tana ji. Tana ji, ga ta nan har ta fara yawo. Ni dai kunnena na dama har yanzu yakan yi mini kuka idan gari ya yi shiru.

Murfin gwangwanin da kuke gani an kafe da ƙusa a jikin katanga, shi ne wancan. Yanzu shi ake aunawa, mai horarwa kuma a gefenka yake tsayawa, ba a gabanka ba. Zaren da yake ɗaure a kowace sanda, kowacce da launinta, da irinsa a jikin bindigarta, don kada a sake musanya su ne. Dokar hana shimfiɗa ko zama a gindin katangar nan, da dokar cewa ko ƙotar fartanya kake koyo da ita ba ka nuna wa mutum, duk daga ranar suka fito. Har yanzu ba mu da albarushin koyo, har yanzu da ɓawon gyaɗa muke yi, kuma yana koyarwa. Har yanzu nawa yakan faɗi.

Abin da na gane a aikin nan, mutanenmu ba mugaye ba ne, ba kuma sakarkaru ba. Baba Saje ya fi mu sanin bindiga nesa ba kusa ba, kullum kuma sai ya duba. Amma abin da ka saba yi kullum yakan sa ka daina ganinsa, kuma mu duka mun fi jin kunyar a ce mana matsorata a kan mu sake tambaya.

Roƙona gare ku guda biyu ne. Idan akwai bindigar wani mamaci a rataye a ɗakinku ko a ɗakin kakarku, don Allah kada ku sauke ta, kada ku bar yara su taɓa, ku kira maharbin da ya san kanta ya zo da kansa. Idan kuma wani a cikinku ya yi tambaya a filin koyo, ko mace ce, ko hannunta yana rawa, ku dakata da dariyar tukuna, ku je ku sake dubawa.